Ranar da Na Kai Inna Tsibiri a Kan Roba-Roba

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona, ba ta miƙo mani abu hannu da hannu. In na shigo gida na durƙusa na gaishe ta, tana kallon murhu za ta amsa, sai ka ce tukunya ce ta yi sallama. In tana da saƙo gare ni kuwa, ina zaune a tsakar gidan za ta dubi ƙanwata ta ce, "A gaya ma malamin makaranta ɗakina na zuba." Ni kuwa ga ni nan zaune, kunnuwana biyu lafiya lau.

Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata ta wajen uba. Can na girma, gida ɗaya da Inna amma kamar maƙwabta. Ban taɓa ganin laifinta ba, haka ta iske ana yi. Amma in na ce abin bai taɓa ci mani rai ba, na yi ƙarya. In na sayi atamfa, sai an bi da ita ta hannun ƙanwata. In magani ne, ta hannun autanmu. Har na yi aure na tara iyali, ban taɓa yi wa uwata wata hidima da jikina ta yarda ta karɓa ba, kuma wannan shi ne abin da nake so a duniya.

Shekarar da yanar ido ta rufe mata gani, muna cikin dogon hutun makaranta, tsakiyar damina, aka yi shelar likitocin ido za su zo asibitin garinmu Kankara su yi aiki su wuce. Aka duba ta, aka sa mata rana. Muna ta murna, sai ta tada tata rigimar. Ta ce wa ƙanwata, wadda ta taho daga Sabuwa don jinya, "Ba a sa mani wuƙa ga ido ban ga gidan ubana ba. In aikin bai yi ba, da mi zan gan shi?"

Ƙauyen su Inna yana can bayan Sheme, in ka saki kwalta ka nufi wajen Faskari. Rafuka biyu ne suka sa shi tsakiya. Da rani yashi ne zalla, ka taka ka wuce ko takalmi ba ka cirewa. Da damina kuwa ruwa ke zagaye shi ta ko'ina, shi ya sa mutanen wajen suke ce masa Tsibiri. Mota ba ta zuwa, sai babur. Autanmu ne ke kai ta a da, shi kuma a lokacin ya sami aiki Kaduna. Hanyar ma ba ta lalace da tsoron 'yan bindiga ba tukuna, irin yadda ta zo ta yi daga baya.

Ƙanwata ta ce a ɗauko ɗan kabu-kabu. Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Ina raye? Ina cikin garin nan, hutu nake, ƙafata ba ta karye ba, a ɗauko wani ƙato ya goya uwata a babur? Wallahi ba a yi." Ta ce, "Yaya, ka san dai ba za ta hau bayanka ba." Na ce to sai mu gani.

Keke gare ni a lokacin, amma na iya babur tun ina saurayi. Na je wurin wani bakanike a bakin tasha mai ba da hayar babura. Akwai manya a wurinsa, na tsallake su na nuna wata 'yar roba-roba shuɗiya da ke jingine a lungu, irin ƙananan nan masu gajeren kujera da malaman asibiti mata suke hawa. Ya dube ni ya dubi babur ɗin, ya ce, "Malam, wagga?" Na ce ita. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau dogon babur, wannan kuwa juyawa kawai za ta yi ta zauna. Ya ce ba komai, amma don Allah kada in bar ruwa ya shiga salansa, wato bututun hayaƙi.

Kai, ranar na sha tsiya! Na biyo ta gaban majalisarmu, abokaina suka miƙe tsaye suna tafi. Wani ya ce zai ba ni aron gyale in cika kwalliya. Wani ya ce, "Malam, uwargida ta san ka ɗauko mata abinta?" Na tsaya na kashe babur na ce masu duk wanda ya taɓa kai uwarsa garinsu da kansa a cikinsu ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Na tada abata na wuce, ina jin suna dariya a bayana, ko a jikina.

Na kai babur na kafe a tsakar gidan Inna. Ta zagaye shi ta wuce kamar ba ta san da shi ba. Gari ya waye, shiru. Wani ya sake wayewa, shiru. Tana son tafiya, kunya ta hana ta cewa to, ni kuma na rantse ba mai ɗaukar ta sai ni. Haka muka yi ta jan zare, ni da ita, ba wanda ya ce wa wani uffan, har ya rage gobe ne aikin ido. Da asuba sai ga ƙanwata ta buga mani ƙofa, tana ƙunshe dariya. Ta ce, "An ce a gaya maka ka taho da wuri kada rana ta yi." Na ce Alhamdu lillahi. Ƙanwata ta ja mani kunne: yau ɗin nan za mu dawo, don likitocin ba jira suke ba, kuma ba wanda ya san ranar da za su sake zuwa. Na ce ta bar mani wannan.

Inna ta fito da ƙunshin tsaraba, daddawa da kanwa da turamen atamfa. Ta zauna a karkace, ta dasa ƙunshin nan tsakanina da ita, ta kama ƙarfen bayan kujera da hannu biyu. Ko gefen rigata bai taɓa ta ba. Muka ɗau hanyar Sheme, ni ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, motoci na wuce mu suna hon. Duk da haka ba ta bar ni na huta ba. "A rage gudu." "A yi hankali da ramin can." Matar da ba ta gane fuskar mutum sai ya matso, ita ke hango mani rami! A Sheme na tsaya na sayi goro da sabulu na ƙara a kan tsarabar. Mai goron ya ce, "Hajiya, ɗanki ne?" Ta gyara lulluɓi ta ce, "Malamin makaranta ne."

Da muka saki kwalta, hanya ta koma burtali tsakanin gonaki, dawa da masara sun wuce kaina. A mashigi muka iske 'yan fito, wato samarin da ke tsallakar da mutane da kaya. Ruwan iya gwiwa ne, garai-garai. Suka toshe salansa da totuwar masara, suka naɗe da leda, suka zura sanduna biyu ta ƙarƙashin babur suka saɓa a kafaɗa. Na miƙa wa Inna hannu. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta kama hannun wata Bafillatana mai tallan nono, suka tsallaka tare suna hira. Na bi bayansu da ƙunshi a kai, ina cizon leɓe.

Kawu, yayan Inna, yana zaune gindin darbejiya a ƙofar gida yana tufkar igiya. Da ya gane ta sai ya saki igiyar ya hau salati. Kafin mu shiga gida labari ya zaga, tsofaffin mata suka cika tsakar gida. Ni suka tasa gaba. Wata mai haƙori guda, ƙawar kakata ta wajen uwa, ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni! Angona ya zo biko da babur ɗin mata. Halan na maza ya fi ƙarhinka?" Na ce mata ai don ita na zaɓo ƙarami, na san ba ta da ƙwarin hawa babba. Aka kwashe da dariya. Aka dama mana fura da nono mai kauri, irin wanda ludayi ke tsayawa a ciki.

Muna gama sha Inna ta miƙe ta ce wa Kawu, "Ina son a zagaya da ni." Kawu ya dube ni, na riga na kai ƙofa.

Wannan yawon ba zan manta da shi ba. Tsibirin ba shi da girma, amma Inna ba ta bar lungu ko ɗaya ba. Da ƙamshi da ƙafa take gane wuri, ba da ido ba. "A yi dama wajen tsamiya." Na yi dama, ga tsamiya. "A tsaya nan." Ta sauka ta dafa bakin wata tsohuwar rijiya, ta leƙa, ta ce a nan guganta ya taɓa faɗawa, ta kwana gidan gwaggonta don tsoron duka. Ba ni take gaya wa ba fa, iska take gaya wa, ni dai na yi sa'a ina kusa. Muka hau wani faffaɗan dutse inda mata ke shanya gero, ta durƙusa tana shafa ramukan da niƙa ya bari a jikinsa, ta ce wannan na uwarta ne, wancan na matar maƙeri. Muka gangara fadama, shinkafa ta yi kore shar, balbelu na bin shanun Fulani a gefe. Ta tsinko ganyen tafasa ta murje ta shinshina. Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai yawa haka ba, na kashe babur don kada ƙararsa ta ɗauke mani ko kalma ɗaya.

A maƙabarta ta tsaya nesa, kamar yadda mata ke yi, ni na shiga na yi wa iyayenta addu'a. Da na fito na iske ta tana share ido da bakin mayafi, na kau da kai na shiga duba tayar babur da babu abin da ya same ta.

A fadamar nan ne roba-roba ta ba ni kunya. Na ga wuri kamar busasshe, na shiga, ashe laka ce. Tayar baya ta nutse, na sauke Inna, na tattare riga na hau turawa. Na murɗa mai, tayar ta juya ta watso mani taɓo tun daga hula har takalmi. Sai na ji wani sauti a bayana. Na juya, Inna ce ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Dariya take yi mani! Na ce a raina, yi abinki, in taɓo ne kuɗin dariyar nan a ƙaro mani.

A hanyar komawa gidan Kawu muka bi ta wani kango, bango ɗaya ya rage, kabewa ta haye shi. Tsohuwar nan mai haƙori guda tana wajen tana tsinkar rama. Ta kira ni ta ce, "Kai ango, ka san nan? Nan uwarka ta zo goyon ciki, nan aka haihe ka. Ni na yanke maka cibi." Na tsaya ina kallon bangon. Inna kuwa ta juya mana baya tana tambayar wata yarinya ta gidan wa ce.

Tun azahar nake jin tsawa can nesa ta yamma, amma mu ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, don haka ban damu ba. Kawu ne ya fito alwalar la'asar ya tsaya yana duban baƙin hadarin, ya ce, "Ruwan can da kuka gani, namu ne. Duk nan yake gangarowa. In za ku tahi, ku tashi yanzu." Muka yi sallah a gurguje, aka ɗaure mana gyaɗa da ƙwan zabi, Kawu ya rako mu da sandarsa.

Tun kafin mu ga rafin muka ji shi. Ruwan da muka tsallaka iya gwiwa da safe ya koma ja wur, yana tafe da karare da rassan itace. Wani ɗan fito yana tsakiya, ruwan ya kai masa ƙirji. Sun ɗaura igiya daga wata giginya zuwa kututture a wancan gefe, suna goya mutane ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya ce mu koma mu kwana. Babban 'yan fiton ya girgiza kai ya ce, "Baba, ƙaruwa yake. In ba su wuce yanzu ba, sai dai su yi kwanaki." Gobe da safe ne aikin ido.

Suka ɗaga babur sama da kawunansu, suka wuce da shi. Babban nasu ya dawo ya rusuna ya ce, "Hajiya, bismilla." Inna ta ja da baya. Ta ce, "Da tsuhwana ƙato ya goya ni? A bar idon. Na ga abin da nike son gani." Ta nemi wuri a kan wani dutse ta zauna, ta naɗe hannu.

Jama'a, a nan ne haƙurina ya ƙare. Na cire hula na tuɓe riga na miƙa wa wani ɗan fito, na ɗaure wando tamau. Na je gabanta na juya mata baya na tsuguna. Tunda nake ban taɓa yi mata magana kai tsaye da ƙarfi ba, ranar na yi. Na ce, "Inna, ki hau. Ni ba ƙato ba ne. Wallahi ko ki hau ko mu kwana nan a haka, ni ba na tashi."

Mata masu jiran fito suka zuba mana ido. Na ci gaba da tsuguno, ban motsa ba. Can Kawu ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ke, ɗanki ne hwa! Wa kike ma kunya, ruwa?"

Na ji ta tashi. Na ji tana gyara zane. Sannan hannuwanta suka sauka a kafaɗata, a hankali, kamar mai taɓa tukunya ta ji ko da zafi. Na tallabe ta na miƙe. Wayyo Allah, ashe Inna ba ta da nauyi ko kaɗan, 'yata ta firamare ta fi ta.

Na shiga ruwa, hannu ɗaya a igiya ɗaya a bayana, 'yan fito biyu sun sa ni tsakiya. Sanyi ya kama ni tun daga ƙafa. Ruwa ya zo cinya, ya zo ƙugu, ya zo ƙirji, yana tura ni gefe, yashi na gudu a ƙarƙashin tafin ƙafata. A tsakiya na taka wani dutse mai santsi, na tafi zan faɗi. Inna ta ƙanƙame wuyana da hannu biyu har numfashina ya tsaya. Na dafe igiya na tsaya da ƙafafuna, na ce, "Kada ki ji tsoro, ba na yar da ke."

Sai na ji bakinta dab da kunnena. Murya ƙasa-ƙasa, yadda ko 'yan fiton ba su ji ba, ta ce, "Na sani. Da aka yaye ka aka ba kakarka, in an watse an tahi gona, nakan sato ka in goya. In rufe ƙyaure in yi ta zagaya ɗaki da kai har ka yi barci. Ba wanda ya taɓa sani."

Ban san yadda na ƙarasa wancan gefen ba. Na dai san na yi kuka, kuka sosai, da gemuna, a gaban 'yan fito da matan ƙauye, kuma ban ji kunyar kowa ba. Na durƙusa a kan yashi ta sauka. Daga can ƙetare muka jiyo guɗa, tsohuwar nan ce mai haƙori guda ta biyo mu bakin rafi. Kawu na ɗaga mana sanda. Inna ta matse bakin zanenta, ta gyara lulluɓi, ta dubi wani wuri daban ta ce, "A tada babur, yamma ta yi."

Aka zare totuwar daga salansa, bugu ɗaya roba-roba ta tashi, Allah ya yi mata albarka. Ana kiran magariba muka shigo Kankara, ni jiƙe sharkaf da taɓo a hula, na bi ta gaban majalisarmu da gangan, na danna masu hon. Washegari aka yi aikin. Da aka kwance mata bandeji ta ga ƙanwata, ta ga jikokinta, ta ce ashe bangon ɗakin nan fari ne. Ni ina tsaye bakin ƙofa, ta ce a gaya wa malamin makaranta ya je ya huta.

Har Allah ya karɓi abarsa ba ta sake tada maganar da ta yi mani a tsakiyar ruwa ba, ni ma ban taɓa tuna mata ba. Ko ƙannena ban gaya wa ba sai bayan rasuwarta, ranar da muka zauna ana ta ba da labarinta, kowa na faɗin abin da ta yi masa. Da aka zo kaina suka yi shiru don tausayi, suna ganin ni ba ni da abin faɗa. Na gyara zama na ce masu ni ma ta goya ni, a ɓoye, har sai na yi barci. Kuma duk cikinmu ni kaɗai ne na goya ta.